Kafin Ku Miƙe Tsaye: Nasiha Kan Saukar Jini

'Ya'yana da jikokina, akwai wata magana da na daɗe ina so mu yi da ku, kuma ta shafi lafiyar jikinku. Kowannenku ya san hawan jini. Kun ji zancensa a rediyo, kun ga iyayenku suna haɗiyar ƙwayarsa kowace safiya, wasunku ma sun yi jinyar wanda ya shanye wa ɓarin jiki. Amma saukar jini ba kasafai ake zama a yi maganarta ba, alhali tana yawan taɓa matasa, musamman 'yan mata, tana kuma taɓa tsofaffi irinmu. Ita ce wadda za ka miƙe daga kan tabarma ka ga duhu ya rufe maka ido, kunnuwanka su toshe, ka lalubi bango. Ita ce ke sa ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi a layin taron safe na makaranta. Cikin 'yan daƙiƙoƙi abin ya wuce, sai ka ce ba komai, ka ci gaba da harkarka. Sau da yawa gaskiyarka ce, ba komai ɗin ne. Wani lokaci kuma akwai komai, kuma abin da nake so ku iya shi ne rarrabe waɗannan biyun.

Idan ma'aikacin lafiya ya ɗaura maka ƙyallen nan a damtse ya hura masa iska, lamba biyu yake karantawa. Ta sama ita ce ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiya lokacin da zuciya ta matsa ta tura shi. Ta ƙasa kuwa ita ce ƙarfin da ya saura lokacin da zuciya ta saki kafin bugu na gaba. Baligi mai lafiya akan same shi wajen 120 bisa 80. Idan awo ya gaza 90 bisa 60, likitoci sukan ce jini ya sauka. To amma ku riƙe wannan da kyau: lamba ita kaɗai ba ciwo ba ce. Akwai mutanen da haka Allah Ya halicce su, awonsu kullum a ƙasa yake, suna noma, suna daka, suna buga ƙwallo, ba su taɓa jin komai ba. Irin wannan mutum ba ya buƙatar magani ko ɗaya, kuma mafi yawan lokuta ma alheri ne gare shi, domin zuciyarsa da ƙodarsa ba sa shan wahala. Kada wani ya tsorata ku da lamba ya sayar muku da abin da ba ku buƙata. Wanda ake dubawa shi ne wanda saukar ta zo masa da jiri, ko kasala mai nauyi, ko dishi-dishin gani, ko tashin zuciya, ko suma. Haka kuma wanda jikinsa ya saba da 140, aka wayi gari ya koma 100, ko da lambar ba ta kai ƙasan da aka ambata ba.

Me ya sa kai ne ke fara jin abin? Ku dubi gidan bene ranar da ruwan famfo ya zo ba ƙarfi. Na ƙasa suna tara bokiti, na sama kuwa sun buɗe famfo sai iska. Ƙwaƙwalwa ita ce mazauniyar saman benen nan, kuma ba ta da haƙurin jira ko na daƙiƙa goma. A jikin baligi akwai jini kimanin lita 5. Da zarar ya miƙe tsaye, rabin lita ko fiye yakan gangara zuwa ƙafafu da ciki. Allah cikin hikimarSa Ya sanya wasu 'yan masu gadi a jijiyoyin wuya da kusa da zuciya, waɗanda nan take suke jin ƙarfin ya ragu, sai su sa zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, jini ya koma sama. Duk wannan yana faruwa kafin ka ɗaga ƙafa ta biyu. Idan ruwan jikinka ya yi kaɗan, ko jijiyoyin sun saki, ko masu gadin sun yi nawa, sai a sami ɗan jinkiri, kuma jinkirin nan shi ne duhun da kake gani. Likitoci suna da hanyar tabbatar da shi. Sukan auna mutum yana kwance, sannan su sake aunawa bayan ya miƙe. Idan cikin minti 3 lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa ta faɗi da 10, sun gano inda matsalar take.

A ƙasarmu, babban abin da ke kawo wannan shi ne ƙarancin ruwa a jiki, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Mu mutanen bazara ne. Daga watan Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Birnin Ƙonni zafi yakan haura digiri 40 kwanaki a jere. Ba ku manta da azumin 2024 ba, wanda ya faɗo a tsakiyar irin wannan zafi, har a garin Kayes na ƙasar Mali aka auna digiri 48.5 a farkon watan Afrilu. A irin wannan yanayi jiki yana zubar da ruwa ta gumi fiye da yadda kuke zato, kuma saboda iskarmu busasshiya ce, gumin yakan bushe kafin ka gan shi. Ƙari a kan haka, zafi yana sa jijiyoyin fata su buɗe don jiki ya huce, sai jinin da ya rage ya ƙara bazuwa. Ku tuna da mai ga-ruwa da ke tura kura tun safe, da lebura a kan gini, da direban adaidaita sahu, da yarinya mai talla, da uwa a gaban murhu da tsakar rana. Dukansu ruwa ke fita daga jikinsu ba tare da ana mayarwa ba.

Akwai kuma abin da ke damuna game da ku 'yan matana. Da yawanku kuna ƙin shan ruwa da gangan idan za ku makaranta ko kasuwa ko doguwar tafiya, saboda babu makewayi mai tsabta, ko saboda kunyar a ga kun nemi wurin kama ruwa. Na fahimci uzurinku, kuma laifin na waɗanda suka gina makaranta ba su gina bayan gida mai kyau ba ne. Amma jikinku ne ke biyan bashin, da jiri da ciwon kai da ciwon mara. Ku sha ruwa, 'ya'yana. Baligi yana buƙatar lita 2 zuwa 3 a yini, mai aiki a rana kuwa fiye da haka. Kada ku jira sai ƙishirwa ta kama ku, domin ita takan makara, a wurin tsoho ma wani lokaci ba ta zuwa sam. Ma'aunin da ba ya ƙarya yana tare da ku, wato launin fitsarinku. Idan ya fito fari-fari kuma da yawa, kun ƙoshi. Idan ya fito ja-ja, kaɗan, mai wari, jikinku yana roƙonku ruwa.

Da azumi kuwa, dabarar tana tsakanin magariba da asuba. Na ga yadda kuke yi: a sha ruwan ƙanƙara kofi uku a tashi ɗaya da buɗa-baki, ciki ya cika, sannan ba a ƙara waiwayar ruwa sai sahur, wani ma ya yi barci ya yi ɗore. Gara ku rarraba shi, kaɗan da buɗa-baki, kaɗan bayan asham, kaɗan kafin barci, sannan ku cika da sahur. Kunu, fura da nono, kankana, gurji da lemo duk suna taimakawa. Kada ku yi wasa da sahur, kuma ku jinkirta shi kamar yadda aka koyar da mu. Mai aikin ƙarfi ya yi ƙoƙarin mayar da aikinsa sassafe ko bayan la'asar. Wanda kuma yake da ciwo, ko yake faɗuwa a duk ranar da ya ɗauki azumi, ya sani addini ya yi masa rangwame. Ya je ya tambayi likita halin jikinsa, ya tambayi malami hukuncinsa, ya daina jin kunyar abin da Allah Ya sauƙaƙa masa.

Amai da gudawa su ne hanya mafi sauri da ruwa ke barin jiki. Kwalara takan iya ƙarar da ƙato cikin awoyi kaɗan, ka ga ido ya yi zuru-zuru, fata ta yamushe, murya ta dushe. Kowane ɗayanku, namiji da mace, ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A dama, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Idan akwai na leda da ake sayarwa a kemis, ya fi, domin an riga an auna shi. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙara masa ƙarfi, yawansa cutarwa yake yi, musamman ga yaro. Kuma wannan haɗin abin riƙewa ne a kan hanyar asibiti idan gudawar ta yi tsanani. Ina kuma roƙonku ku rage shan magungunan wankin ciki da ake tallarsu a tasha da kasuwa da sunan basir ko shawara ko dattin ciki. Mutum ya sha ya kwana yana zawo, da safe ya miƙe jiri ya kwashe shi, sai a ce masa ai ciwon ne ke fita. Ruwan jikinsa ne ya fita.

Yanzu bari mu zo kan abin da ake yawan cakuɗawa. Saukar jini daban, ƙarancin jini daban. Na farko ƙarfin turawa ne ya ragu, kuma da na'urar damtse ake gane shi. Na biyu jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska a cikin jini ne suka yi kaɗan, kuma sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji ake gane shi. Sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, alamunsu kuma suna kama, shi ya sa da an ji jiri sai a ce jini ne ya yi kaɗan, a aika a sayo lemon malt da madarar gwangwani. Wannan haɗin yana da daɗi, yana kuma ba da ɗan kuzari saboda sukarin da ke ciki, amma sinadarin ƙarfen da jiki ke gina jini da shi ba shi da yawa a cikinsa. Kuɗin da aka kashe, da hanta aka saya da shi, ko ƙoda, ko kifi, ko wake, da ya fi amfani. Alayyahu, zogale, rama da gero duk suna da rabonsu, kuma jiki ya fi tsotsar ƙarfen da ke cikinsu idan an haɗa da abu mai tsami irin lemo, gwaiba ko garin 'ya'yan kuka. Shayi kuwa yana hana tsotsar, don haka ku ba shi tazarar awa guda da abinci. Sannan a nemi abin da ke cinye jinin tun farko: zazzaɓin cizon sauro da ke dawowa, tsutsar ciki, tsargiya ga yaran da ke wanka a kududdufi, ko jinin al'ada mai yawa. 'Yata, idan al'adarki tana wuce kwana 7, ko tana zuwa da gudaji, ko kina canza ƙunzugu kowace awa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ki faɗa wa mahaifiyarki ko yayarki, ku je asibiti.

Mai juna biyu jininta yakan sauka a watanni shida na farko, domin jijiyoyinta suna buɗewa don ciyar da abin da ke cikinta, sannan ya koma daidai kusa da haihuwa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Idan ciki ya tsufa, ta guji kwanciya rigingine, saboda nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ta kwanta ta gefe, musamman na hagu. Kada kuma ta fasa zuwa awo. Abu biyu ne a nan ba sa jira. Na ɗaya, macen da ta yi ɓatan wata, sai ga ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya tare da jiri ko suma: yana iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini yana zuba a ciki ba a gani. Na biyu, zubar jini bayan haihuwa. Idan ya kai rabin lita ya wuce ƙa'ida, kuma tunda ba mai aunawa a gida, ku dubi zannuwan da ke jiƙewa da fuskar mai jegon. Ku samari da za ku zama magidanta, ku bar izini a gida tun kafin ranar, kada a tsaya neman ku a waya mace tana zubar da jini.

Tunda na ambaci jego, bari in faɗi wata magana da na san ba kowace kaka za ta so ta ba. Wankan jego da tafasasshen ruwa yana buɗe jijiyoyi, shi ya sa masu jego da yawa suke ganin jiri a bayan wanka, wasu har su faɗi. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a yankin, suka kuma danganta shi da haɗuwar wankan zafi, kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. Iyayenmu da ƙauna suka yi, ba da mugunta ba. Amma a sassauta zafin ruwan, a rage kanwar, mai jego ta yi wankan a zaune da wani a kusa. Idan kuma aka ga ƙafafunta suna kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, a bar cewa sanyi ne ya shige ta, a kai ta asibiti a ranar.

Sai magunguna, kuma a nan ku samari ku buɗe kunne. Jiri da ciwon kai suna zuwa a hawan jini, suna kuma zuwa a saukarsa. Wanda ya ji kansa yana juyawa ya ɗauki ƙwayar hawan jinin mahaifinsa ya haɗiya ba tare da awo ba, yana iya ƙara tura kansa ƙasa. Ko masu hawan jinin na gaskiya, maganin da ya yi musu daidai da hunturu yakan yi musu yawa da bazara ko da azumi, musamman irin wanda ke sa yawan fitsari. Idan mahaifinku ya fara ganin jiri bayan an canza masa magani, kada ya daina da kansa, kada kuma ya daure. Ku mayar da shi wurin likitan da ledar magungunan gaba ɗaya. Zoɓo ma, wanda muke sha kamar ruwa, yana ɗan saukar da jini. Ga mai hawan jini wannan alheri ne, amma wadda awonta yake ƙasa tana kuma ganin jiri, ta rage shi ta ga ko za ta ji sauƙi.

Ƙwayoyin ƙarfin maza aikinsu buɗe jijiyoyi ne, kuma idan suka haɗu da maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, jini yana iya faɗuwa faɗuwar da ba a tashi. Wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya ma an sha gano irin wannan ƙwaya a dake a cikinsu. Tiramadol da kodin da giya duk suna kashe kuzarin masu gadin da na ba ku labari. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da asfirin, waɗanda masu aikin ƙarfi ke sha kullum da yamma ciki ba komai, suna iya huda gyambon ciki ya riƙa tsiyayar da jini, alamarsa kuwa bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Ke kuma 'yata mai shan "sha ka fashe" don ki yi ƙiba, ki saurare ni. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke samar da sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna sa ta daina aiki, ranar da kika yanke shan su farat ɗaya kuma, sai jiki ya rasa madafa, jini ya faɗi, amai da kasala su biyo baya. Idan kin riga kin fara, kada ki ɓoye. Ki je wurin likita ya janye miki su sannu a hankali. Allah Ya yi ki da kyanki, ba ki buƙatar su.

Akwai kuma cututtukan da ke aiki a ɓoye: ciwon suga da ya daɗe yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon tsukewa, bugun zuciya yakan yi nawa ko ya rikice, tarin fuka ma yana iya cinye 'yar tsokar nan ta saman ƙoda. Waɗannan sai gwajin asibiti.

To, idan an duba ba a sami wani ciwo ba, me mutum zai yi wa kansa a gida? Abu na farko kyauta ne, wato nutsuwa wajen tashi. Idan ka farka, kada ka zabura. Ka zauna a bakin gado, ka yi addu'ar tashi daga barci, ka motsa ƙafafunka sama da ƙasa, sannan ka miƙe kana dafe da wani abu. Sannu ba ta hana zuwa. Ka ajiye ruwa kusa da shimfiɗarka, domin shan kamar rabin lita a lokaci ɗaya yakan ɗaga awon cikin 'yan mintoci ya riƙe shi na kusan awa guda. A kula da tashin dare zuwa bayan gida, domin jiki yana da ɗumi, jijiyoyi a sake, mara ta sauke nauyinta, sannan mutum ya miƙe daga tsuguno a cikin duhu. Faɗuwa da yawa a nan take faruwa. Wanda jiri ke damunsa da asuba, ya ɗaga gefen kan gadonsa da bulo kamar taƙi ɗaya, yana taimakawa.

A masallaci ma haka. Mai ganin duhu idan ya taso daga sujada ya ɗan zauna kafin ya miƙe. A doguwar tsayuwar tahajjud ya riƙa matse tsokar ƙafafunsa yana saki, idan kuma ya ji abin yana zuwa, ya zauna ya ƙarasa sallarsa a zaune, an yarda masa. A layin banki ko na asibiti ko a filin makaranta, da ka ji gumi mai sanyi ya keto maka, hamma ta yi yawa, gani ya fara dishewa, ka harɗe ƙafafunka ka matse cinyoyi da ɗuwawu, ka dunƙule hannu da ƙarfi. Idan bai tsaya ba ka tsuguna ko ka kwanta nan inda kake. Kunyar tsugunawa a gaban mutane ta fi sauƙi a kan fashewar kai a kan siminti.

Tsofaffi kuma suna da nasu. Bayan an ci tuwo an ƙoshi, jini yakan taru a ciki don narkar da abinci, sai kaka ta miƙe ta tafi luu. Ku da kuke kai musu abinci, ku rage yawan tuwon ko shinkafar ku ƙara yawan lokutan ci, ku ba su ruwa kafin su fara, ku bar su su huta kamar rabin awa kafin su tashi. Karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyarsa ta ƙarshe, don haka wannan ɗan kulawar babban aikin lada ne.

Za ku ji ana cewa mai saukar jini ya ƙara gishiri. Akwai gaskiya a ciki, domin gishiri yana riƙe ruwa a jiki, kuma likita yakan ba wasu wannan shawarar. Amma ni ba zan ba ku ita kai tsaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa tsakanin gishirin miya da dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da kilishi yawancinmu mun riga mun zarce. Hawan jini ya yi yawa a cikin zuri'armu, tukunya kuma ɗaya ce. Idan aka ƙara gishiri a miya saboda mutum ɗaya, an cutar da uban gida da kakar gida. Wanda likita ya umarta ya barbaɗa nasa a kwanonsa. Mai ciwon zuciya ko ƙoda kuwa, ko yawan ruwan da na yi ta faɗa, sai da shawarar likitansa. Shayi ko gahawa da safe yakan ɗan ɗaga awon na ɗan lokaci, babu laifi, amma ba ya maye gurbin ruwa. Tafiya a ƙafa da sanyin safiya tana ƙarfafa tsokar ƙwauri, ita kuwa tsokar nan ita ke taya zuciya turo jini daga ƙasa.

Idan wani ya suma a gabanku fa? Na sha ganin yadda ake yi: a taru a kansa a toshe masa iska, a ɗaga shi a zaunar, wani ya ɗura masa ruwa a baki, wani ya cusa cokali, wani ya ce iska ce ta buge shi. Ku yi masa addu'a, wannan alheri ne, amma hannuwanku su yi abin da ya dace. Faɗuwar nan ita ce hanyar da jiki ke mayar da jini zuwa ƙwaƙwalwa, wanda ya tayar da shi zaune ya hana shi farfaɗowa. Ku bar shi a kwance a inuwa, ku ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirjinsa, ku sassauta masa tufafi, ku yi masa fifita, jama'a su ja baya. Kada a sa komai a bakinsa har sai ya dawo hayyacinsa sarai, domin ruwan yana iya wucewa huhu. Idan yana amai a juya shi ta gefe. Suma irin ta tsayuwa ko tsoro ko ganin jini takan wuce cikin minti ɗaya ko biyu. Bayan ya farfaɗo ya ci gaba da kwanciya na ɗan lokaci, sannan ya zauna, sannan ya sha ruwa.

Ga inda dabarar gida take ƙarewa. Idan bai farfaɗo cikin minti biyu ba. Idan sumar ta zo masa yana tsakiyar gudu ko wasan ƙwallo, ko yana kwance, ko ta zo da ciwon ƙirji, haki ko bugun zuciya mai rikicewa. Idan akwai jini a amai ko bayan gida. Idan zazzaɓi mai zafi ne ya kai ga mutum yana sambatu, hannuwansa sun yi sanyi, numfashinsa yana sauri, fitsari ya ɗauke. Idan bayan allura ko harbin zuma fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Idan baki ya karkace ko magana ta harɗe. A duk waɗannan ku nemi abin hawa nan take. Kada ku tsaya a kemis a rataya masa ƙarin ruwa a ɗakin baya, domin ƙarin ruwa yana ceton wanda ya bushe, amma yana iya cika huhun mai ciwon zuciya.

Roƙona gare ku, 'ya'yana, shi ne cikin wannan makon kowannenku ya je asibitin da ke kusa da shi a auna shi, ko lafiyarsa ƙalau. Ku zauna ku huta minti 5 kafin awon, kada ku yi magana ana yi, ku rubuta lambar da kwanan wata a takarda ku adana. Wanda ke ganin jiri ya roƙi a auna shi a kwance da kuma a tsaye. Idan za ku tafi, ku ɗauki kakarku ku tafi tare. Allah Ya ba ku lafiya mai amfani, Ya raya ku cikin albarka.